Zaman Kwamiti a Kan Kalmar Manaja

Taƙaitaccen bayani, domin wanda ba shi da lokacin dogon zance: a wani gidan haya mai hawa uku, wata yarinya da ta shekara uku ba ta yi magana ba ta furta kalma guda mai harafi biyu. Mazauna gidan, waɗanda kowannensu da harshen da ya sha a nono, suka yi iƙirarin cewa kalmar tasu ce. Aka yi zama, aka yanke hukunci, hukuncin ya kusa raba yarinyar da gidan. Ba a yi asarar rai ba. Sauran asarori suna ƙarshen wannan bayani.

Yarinyar jikata ce. Ni na laƙaba mata Manaja, domin a duk shekarun da na yi ina aikin akawu, manajoji kaɗai na ga sun iya kallon mai roƙo su ƙi cewa uffan kamar yadda take yi. Sai ka gaishe ta, ka tambayi kwananta, ka gabatar da ƙorafinka, ta dube ka daga hula zuwa takalmi, sannan ta mai da hankalinta kan murfin kwalba.

Uwarta, wato 'yata, tana aiki a kantin magani daga safe zuwa yamma. Ubanta yana ƙetare yana neman abin da ya kai shi. Saboda haka tun tana goye gidan ya tsara mata hanya, kamar yadda fayil ke bin tebura a ofis. Da safe tana hawan ƙasa wurin Iya, wata tsohuwa da ta zo daga ƙasa mai koguna, wadda har yanzu ba ta yafe wa famfo ba. Da hantsi ta wuce shagon Mai Aski a bakin ƙofa, ta zauna a kan doguwar kujera tsakanin madubai biyu masu fuskantar juna, tana kallon Manaja a bayan Manaja har iyakar ganin ido. Da azahar Tela ta hau da ita hawa na biyu, ta kwantar da ita a kwandon ƙyallaye, ƙarar keken ɗinki na rarrashinta. Da la'asar ta iso wurina a sama domin sa hannu na ƙarshe.

Da mu, dukansu Hausa suke yi. Da ita kuwa kowa harshen uwarsa yake yi, domin ba mai yi wa jariri wasa da harshen aro.

Likita ya leƙa kunnenta, ya leƙa bakinta, bai sami aibu ba. Ya tambayi harsuna nawa take ji a yini. 'Yata ta lanƙwasa yatsu huɗu. Likitan ya ajiye alƙalami ya ce a rage. Ba a ɗauki lokaci ba 'yata ta samo ɗaki a bayan gari, a wata unguwa da mota biyu ke kai mutum, inda aka tabbatar mata har kaji harshe ɗaya suke ji.

"Baba, ba fa gudunka nake ba," in ji ta.

"Na sani. Benen kike gudu. Ni dai tsautsayi ya sa nake samansa."

Gwiwoyina ba sa shiga mota biyu, kuma ita ma ta san haka. Na zauna ina duban gefen tabarmar da Manaja ke zama da la'asar, ina ƙoƙarin ganinsa babu kowa, don in saba tun da wuri.

A cikin makon ne abin ya faru. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta shigo ta tagar matakala mai koren gilashi, har bango ya zama kamar ƙarƙashin tafki. Tela tana miƙo mini yarinyar, Iya tana shanya a kan ƙarfen matakala, Mai Aski ya hawo aron ashana. Manaja ta ɗaga kai, ta dubi wani wuri a iska inda babu komai, ta ce:

"Ba."

Muka tsaya cik. Ɗigon ruwa daga zanen Iya kaɗai ke motsi.

Iya ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta dafa ƙirji. "Wayyo 'yar nan! Kogi ta ce. A wurinmu haka ake kiran babban kogi. Kullum ina ba ta labarinsa, ashe yana shiga."

"Haba Iya, wane kogi a hawa na biyu?" in ji Tela. "Buɗe ta ce. Haka muke cewa. Duk sanda zan buɗe taga sai na faɗa mata."

Mai Aski ya kaɗa kwalin ashana. "Ku yi haƙuri, mata. Uku ta ce. A harshenmu uku ke nan. Ba ga ku nan ku uku a gabanta ba? Yarinya ta fara da lissafi, kuna neman ku mai da ita mai wanki."

"Mu huɗu ne, Sarkin Almakashi," in ji Tela.

"Ni ai a bayanta nake."

Na bari suka gama, sannan na bayyana musu cikin natsuwa cewa rabin Baba ta faɗa, kuma duk wanda ya yi aikin ofis ya san manya ba sa rubuta cikakken suna, haruffan farko suke sawa.

Gidanmu yana da kwamitin mazauna, wanda ya saba zama a kan kwata da kwan fitilar matakala. Ni ne sakatare. Muka zauna a shagon Mai Aski bayan ya sallami mutum na ƙarshe, madubai suka mai da mu taron jama'a. Na tunatar da zama cewa maganar ta wuce alfahari: idan aka gano harshen da yarinyar ta zaɓa, sai sauran su ja baya, a cika umarnin likita ba tare da an ɗaure kaya ba. Kowa ya amince, domin kowa ya tabbata shi ne zai rage.

Aka kawo hujjoji. Iya ta ce a wurinsu kalmar tana nufin uwa ma, domin kogi da uwa abu ɗaya ne, duka suna ɗauke da mutum ba tare da sun tambaye shi ba. Ta rufe ido tana faɗin yadda hazo ke kwanciya a kan ruwan da sassafe, da kwale-kwale da ke fitowa daga cikinsa kamar an tuna da shi. Muka jira har ta dawo daga can. Tela ta ce kakarta da wannan kalmar take tashinsu daga barci, tana nufin ido, tana nufin ƙofa, tana nufin gari ya waye. Mai Aski ya ce a garinsu ba a ba baƙo abu biyu, sai uku, don haka kalmar kusan maraba ce. Na lura kowa ya fara da kare yarinyar, ya ƙare a ƙofar gidan uwarsa.

Da yake hujja ba ta kashe hujja ba, kwamiti ya yanke a yi gwaji. Duk sanda Manaja ta furta kalmar, kowa ya amsa bisa ma'anar harshensa, a ga amsar da za ta karɓa.

Ta karɓi duka.

Ba zan manta da waɗannan kwanaki ba. Sai ta zauna a tsakiyar matakala, ta ce "ba", ba da ƙarfi ba ma, gidan gaba ɗaya ya motsa kamar mai juyi a barci. Tagogi su buɗe ɗaya bayan ɗaya, labule su kumbura, ƙyallayen Tela su taso su yi ta yawo a iska, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi. Iya ta hawo da kwano cike da ruwa, hasken ruwan na rawa a rufi. Mai Aski ya bar mutum da rabin kai ya taho da biskit uku a tafin hannu. Ni kuma in sauko in ɗauke ta, tun da ni aka kira. Ta tsoma hannu a ruwa, ta ci biskit, iska na kaɗa mata gashi, tana kallonmu kamar wadda ta duba aiki ta ga ba laifi. Kowa ya koma ɗakinsa yana cewa a ransa yau kam an ga mai gaskiya.

Wata rana aka tashi 'yata daga aiki da wuri. Ta tsaya a ƙofar gida da jaka a kafaɗa, ta ga hidimar daga farko har ƙarshe, har da mutumin da ya biyo Mai Aski da kumfa a haɓa yana tambayar ko lafiya.

"Sannunku da aiki," in ji ta. "Tun yaushe ake wannan?"

Na yi mata bayanin gwajin da matakansa.

"Baba, kai da iliminka? Ni ma da ina da kalmar da za ta kawo mini ruwa da iska da biskit da mai ɗaukata, wallahi da ban koyi ta biyu ba."

Mai Aski ya duba biskit ɗin da ya rage a hannunsa kamar wani ne ya sa masa.

'Yata ta ce ta riga ta ba da kafin alƙalami a kan ɗakin bayan gari, kuma ƙarshen wata za su tashi. Iya ta kama hannunta tana 'yata, 'yata. Daga ƙarshe uwar ta sassauta da sharaɗi guda: daga yau kada wanda ya sake amsa wannan kalma. In yarinya ta faɗi wata kafin wata ya mutu, za ta sake tunani. In ba ta faɗa ba, a taya ta ɗaure kaya.

Na yi aiki a ofisoshin da rashin amsa shi ne babban aikinsu, kuma ban taɓa jin nauyinsa ba sai a wannan karon. Manaja ta zauna a wurinta ta ce "ba". Tagogi suka tsaya a rufe. Ta sake faɗa, ta karkata kai tana saurare. Ina jin keken Tela ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Manaja ta tashi ta sauka da kanta, tana dafa bango, ta tsaya a ƙofar Iya ta faɗa. Iya tana ciki ta kunna famfo don kada ta ji. Ta je shagon aski ta faɗa wa madubi, Manajoji ɗari suka faɗa tare, ba wanda ya kawo ko biskit ɗaya. Da la'asar ta hawo wurina, ta tsaya a gabana, ta dube ni, ta faɗa a hankali, kamar mai tuna wa tsoho abin da ya manta. Na riƙe jarida a gaban fuskata. Ban san abin da ke rubuce a cikinta ba.

Bayan haka ta daina faɗa gaba ɗaya. Gidan ya yi tsit irin na asibiti. Aka fara ganin kwalaye a ƙofar 'yata.

Ranar da za su tashi, da hantsi, aka fito da kaya aka jera a matakala. Uwar ta yi wa Manaja wanka, ta sa mata riga da sabon takalmi mai maɗauri, ta zaunar da ita a kan wani kwali, ta koma ɗauko katifa. Muka taru don sallama, kowa yana duban wani wuri daban. Iya ta ƙulla wani abu a leda. Tela ta kawo 'yar rigar da ta ɗinka ta ɗora a kan kaya.

Sai Manaja ta tamke fuska, ta buga dunduniya a jikin kwalin, ta buɗe baki ta yi magana. Magana sosai, doguwa, da murya mai kaushi kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Daga cikinta kalmar ƙarshe kaɗai na gane: yanzu.

'Yata ta saki katifa. "Me ta ce? Baba, me ta ce?"

"Kalmar yanzu kaɗai na ji. Sauran ba a ofishina suke ba."

"Ta farko tamu ce," in ji Tela. "Takalmi."

"Ta biyu tamu," in ji Iya. "Cizo. Yana cizo."

Mai Aski ya share maƙogwaro. "Ta uku, da dai a bar ta."

"Faɗi mana, malam!" in ji 'yata.

"Abin da nake ce wa masu motsa kai ina aski ne. Kusan a ce, ku marasa ji. Ta huɗu kuma, cire."

Aka jera kalmomin kamar yadda ake jera takardu: takalmi yana cizo, ku marasa ji, a cire, yanzu. Uwar ta durƙusa ta kwance maɗaurin. Dunduniyar ta yi ja, har fata ta fara tashi. Ta riƙe ƙafar a hannu biyu ta daɗe ba ta ɗago ba, kafaɗunta na girgiza, ban san ko kuka ba ne ko dariya, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Direban motar kaya ya leƙo ya ce rana na yi.

'Yata ta dubi Tela, ta dubi Iya, ta dubi Mai Aski, sannan ta dube ni.

"In na kai ta can," in ji ta, "wa zai gaya mini abin da take cewa?"

Ba a kira zama a kan wannan tambaya ba. Mai Aski ya ɗauki katifa ya hau da ita.

Abin da al'amarin ya ci shi ne kamar haka. Kafin alƙalamin ɗakin bayan gari, wanda bai dawo ba. Ladan direban da ya zo ya koma wayam. Takalmin Manaja, sabo, an bayar. Gilashin taga ɗaya da iska ta buga a kwanakin gwaji. Masu zuwa aski biyu da suka koma wani shago. Biskit, ba a ƙirga ba. Sai kuma kalmar kanta: tun ranar Manaja take magana daga safe har dare a harsuna huɗu, yawanci umarni, amma ba ta sake furta ta ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa abin da take nufi da ita ba.