Sunan Sakinatu a Gidan Taliya

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara malala a Nijeriya, kusan duk jirgin da ya sauka London sai ya sauke 'yan Arewa. Wannan ya zo kwas, wancan karatun likita, wani kuma gwamnati ta aiko shi sayen injuna. Duk wanda ya zo da iyali, ba a daɗewa sai an kwatanta masa gidan Hansai. Matar Malam Nata'ala ce, wanda yake koyar da Hausa a wata kwaleji a Bloomsbury, ta kuma haura shekara goma a garin. Ta san inda ake samun kuɓewa, ta san mahaucin da babu kokwanto a yankansa. Gwaggo kowa yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Don haka ranar Lahadin da wata yarinya mai suna Murja ta haihu, Hansai aka fara yi wa waya. Mijin Murja, Lawal, ma'aikacin hukumar ruwa ne daga Gusau, ya zo kwas, suna zaune a wani ɗan flat mai ɗaki ɗaya a saman bene. Haihuwar fari ce, mace aka samu, uwa da 'ya lafiya lau. Sai dai tun da aka sallamo su daga asibiti Murja ta yi sanyi. Hansai takan zo kullum ta yi mata wankan ruwan zafi a baho, ta dama kunun kanwa, amma Murja sai ta kurɓa sau biyu ta ajiye.

"Da a gida ne, da yanzu tsakar gidanmu ba wurin taka ƙafa," in ji Murja wata rana, tana kallon taga. "Ga shi ko mutum biyar ba za su zauna a nan ba."

Gaskiyarta ne. Ga ƙuncin ɗaki, ga Baturiyar da ta ba su haya tana zaune a ƙasa, ta riga ta ce ba ta son taro a gidanta. Gidan Hansai ma bai fi wannan da wani abin kirki ba.

Lawal ya dawo da yamma a gajiye. "Gwaggo, na je wani otel har na yi booking, sai suka ce tebur-tebur za su raba mu, mutum huɗu-huɗu. Kuma ba a shigo musu da nama daga waje. Sai na ce a yi cancel."

"Ka yi daidai. Ina amfanin suna in ba a ci ragon suna ba? Bar ni da shi, Allah zai kawo mafita."

Ta faɗa ne kawai don ta kwantar masa da hankali, ita ma ba ta san inda za ta dosa ba.

Washegari ta hau bas a Aldwych, sai ta tarar kwandastan Rwang ne, wani ɗan Jos da ta daɗe da saninsa, don matarsa Dokas nas ce a asibitin da Murja ta haihu. Ya ƙi karɓar kuɗinta har sai da ta nuna ɓacin rai. Da ya gama zagayen fasinja ya dawo ya tsaya kusa da ita, ta ba shi labari.

"Mama, akwai wani wuri a bayan Charing Cross," ya ce. "Na Japanawa ne, taliya suke yi a cikin romo, ramen suke ce mata. Nakan ci in na tashi aiki. Tebur ɗaya gare su, amma daga bango ya kai bango. Mutum talatin sai su zauna."

Da ya tashi aiki suka tafi tare. Wurin a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an sauka wata siririyar matattakala, an ɗaga wani shuɗin ƙyalle da aka rataye a ƙofa. Tururi ne ya fara tarbarta. Da idonta ya washe sai ta ga teburin: katako ne mai kauri, ya sha goga har yana sheƙi, da benci hagu da dama. Wasu Japanawa masu kwat sun jeru, kowa ya sunkuya a kan kwanonsa yana zuƙar taliya da ƙara, babu mai jin kunyar wani. Hansai ta ji abin ya kwanta mata. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta ga wurin cin abinci da ya yi kama da na mutane masu son juna ba sai wannan.

Mai wurin ta fito tana goge hannu, wata gajeriyar dattijuwa mai furfura, sunanta Fumiko. Mijinta yana can ciki wajen tukwane, bai ko ɗago ba. Turancinta guntu-guntu ne, na Hansai ma ba wani mai tsawo ba ne, sai suka fahimci juna da sauri.

"Romon nan, da me ake yin sa?" Hansai ta tambaya.

"Ƙashin alade," in ji Fumiko, da alfahari. "Kwana yake yi a wuta."

Hansai ta ja da baya, ta gyara mayafinta. Rwang ya dafe kai. "Mama, ki yi haƙuri. Ni ban taɓa tambaya ba."

"Ba laifinka ba ne, ɗana."

Ta yi godiya za ta juya, sai Fumiko ta tambaye ta wane irin taro ne. Hansai ta ce jaririya aka haifa, ranar da ta cika kwana bakwai ake raɗa mata suna, a yanka rago, a ci tare. Dattijuwar ta zaro ido, ta ce su ma ranar bakwai suke sa wa yaro suna. Ta ƙara da cewa 'yarta ta haihu a can ƙasarsu bara, har yau ba ta ga jikan ba sai a hoto. Ta shiga ciki ta yi magana da mijinta da yarensu, shi kuma ya gyaɗa kai.

Ranar Lahadi ba sa buɗewa, don haka wurin na su Hansai ne. Hansai ta kafa sharuɗɗanta ba tare da kwana-kwana ba: tukunya tata za ta kawo, ludayi da wuƙa nata, kwanuka kuwa ita za ta wanke su da hannunta. Ta bi kwalaben da ke kan kanta tana tambaya ɗaya bayan ɗaya, aka samu wata ta giyar girki, aka kawar da ita gefe. Inda suka ɗan ja shi ne wajen romo. Fumiko ta ce a kawo ƙashin ragon tun Asabar. Hansai ta ce ba a yanka rago sai an raɗa suna. Daga ƙarshe suka tsaya a kan a ɗora kaji tun ranar Asabar, in an yi yanka da safiyar Lahadi a zuba ƙasusuwan a kai.

Haka aka yi. Da safe maza kaɗan suka taru a ɗakin Lawal, aka yi addu'a ƙasa-ƙasa saboda Baturiya mai gidan, aka raɗa wa yarinya Sakinatu. Mahauci ya yanka ragon, Lawal ya kawo naman a tasi. Hansai da Dokas suka ɗaura zani a kicin ɗin Fumiko, suna soya nama, mijin Fumiko yana murza taliya yana yanka ta siri-siri.

Can da romo ya fara nuna, Hansai ta ɗanɗana. Da daɗi, amma kamar da sauran wani abu. Ta kwance ƙullin daddawar da ta zo da shi, tana ɗan ɓoyewa, don ta sha ganin yadda Turawa suke toshe hanci in sun ji warinta. Fumiko ta shinshina, ta matso, ta karɓi ƙullin ta kai hanci. Sai ta fashe da dariya, ta kira mijinta. Shi ma ya shinshina, fuskarsa ta saki a karon farko. Ya buɗe wani ɗan akwati ya miƙo wa Hansai: wake ne da aka ruɓar, yana yauƙi, warinsa kuwa ɗan'uwan na daddawa.

"Ikon Allah," in ji Hansai. "Dokas, zo ki ji. Ashe su ma suna da tasu."

Aka daka daddawa aka zuba, tsohon ya ɗanɗana, ya ce a ƙara kaɗan.

Da azahar mutane suka fara saukowa matattakala, manyan riguna suna jan bango, mata suna riƙe da gwaggwaro kada ya taɓa rufi. Wata Hajiya ta ja Hansai gefe ta ce ita ba ta taɓa ganin an fito da maijego kafin arba'in ba.

"Ni ma ban taɓa gani ba, Hajiya," in ji Hansai. "Amma in ta zauna ita kaɗai a ɗakin nan yau, ciwon da za ta kwasa ya fi na iska. Na naɗe ta da bargo, tasi ya ajiye ta a bakin ƙofa."

Maza suka zauna ta wancan ƙarshen, mata ta wannan, Murja a tsakiyar mata da jaririya a cinya. Aka fara jero kwanuka suna tururi: taliya a ƙasa, romo a kai, yankan naman rago, rabin dafaffen ƙwai, da ganyen albasa. Hansai ta bi tebur tana ajiye yaji a ƙananan faranti. Wani likita mai suna Zailani ya ɗauki tsinkaye biyun da Japanawa suke cin abinci da su ya ce shi ya iya, taliyar ta sulluɓe ta faɗa masa a gaban riga, aka yi ta dariya. Malam Nata'ala bai wahalar da kansa ba, cokali mai yatsu ya nema. Rwang ya sanar da cewa a nan in ba ka zuƙa da ƙara ba, ka raina mai girki. Da farko kowa yana noƙewa, daga baya wurin ya kaure da zuƙe-zuƙe da hira, na wannan ƙarshen yana ɗaga murya yana tsokanar na wancan.

Hansai ba ta zauna ba. Tana tsaye a ƙofar kicin, idonta a kan Murja. Yarinyar ta fara da kurɓar romo a hankali, sannan ta ja kwanon kusa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Da ta cinye ta ɗago, suka haɗa ido.

"Gwaggo, da saura?"

"Tukunya guda," in ji Hansai, ta juya da sauri don kada a ga idonta.

Fumiko ce ta kawo ƙarin da kanta. Ta tsaya tana leƙen jaririyar, Murja ta miƙa mata ita. Dattijuwar ta karɓa da hannu biyu, ta tambayi sunan, ta maimaita shi gaɓa-gaɓa. Ta ce a wurinsu ma akwai Saki, sunan mata ne. Ta daɗe tana jijjiga ta tana yi mata wata 'yar waƙa, har sai da yarinyar ta nemi nono.

Bayan la'asar Malam Nata'ala ya yi addu'a, aka shafa, aka watse. Hansai ta tsaya suka wanke kaya tare, ta cika wa Fumiko kwano da soyayyen nama. Kafin su rabu suka yi magana a kan Sallah mai zuwa, Fumiko ta ce a dai sanar da ita da wuri.

A hanyar tashar jirgin ƙasa, Malam Nata'ala yana rungume da tukunya, ya yi gyaran murya.

"Hansai, abin ya yi kyau ƙwarai, Allah ya saka. Amma na ce, ko akwai sauran tuwon jiya a gida?"

"Kwano biyu fa na ga ka ci, Malam."

"Taliya ce ai. Kafin mu kai gida ta zazzage."

Ta yi dariya har da tsayawa, ta ce akwai, sai dai shi zai ɗumama abinsa, don ita yau ƙafafunta sun gama aiki.