Shafi na Hamsin da Takwas

Shekara uku Mika'ilu ya yi yana koya wa kwamfuta alƙalanci. Idan na'urori biyu za su yi magana ta layin tarho, akwai ƙa'ida: wannan ta yi sallama, waccan ta amsa, a aika saƙo, a ce ya iso. To shi furogiram ya rubuta wanda zai zauna tsakani ya kama duk wadda ta karya ƙa'idar. Da shi zai samu digirinsa na biyu, kuma jami'a ta riga ta ja masa kunne cewa 1996 ce shekararsa ta ƙarshe.

Littafin ƙa'idar kuwa fotokwafi ne, kwafin kwafi, wani ya zo masa da shi daga Legas. Bawan Allah ya haddace shi kamar karatun allo.

Ranar jarrabawa, mai duba aikin, Dakta Hadiza, ta zo da tata na'urar. Aka haɗa. Furogiram ya ce na'urar ta karya ƙa'ida. Aka sake, ya sake faɗa, ko kunya babu.

"Ikon Allah! Da wannan fa ake auna sauran," in ji ta. "Malam, ba ni littafinka."

Ta yi ta buɗawa, sai ta tsaya. "Ina shafi na hamsin da takwas?"

Babu shi. Na gabansa ya ƙare da aya, na bayansa ya fara da sabon babi, wa zai lura? A shafin nan aka faɗi yadda za a ci gaba idan layi ya yanke ana tsakiyar saƙo. Ta ce gyaran zai ci wata shida. Shi kuwa mako biyu suka rage masa.

Bayan la'asar ya iso gida a Ƙofar Kuyambana, jiki duk ya mutu. Mahaifinsa, Malam Inuwa, mai kwafar littattafai da hannu, yana zaure. A gidansu ba a sakin kwafi sai wani ya riƙe asali ana bi layi-layi. Mika'ilu ya durƙusa ya faɗa masa komai.

"Wa ya riƙe maka asalin?"

"Ban taɓa ganin asalin ba, Baba."

Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube shi kawai, ya mayar da alƙalami cikin tawada. Can cikin gida Iya, mahaifiyar Mika'ilu, ta jiyo muryarsa, ta ɗauka ya ci jarrabawa, ta rangaɗa guɗa.