Gonar Mama Susana a Cikin Bokiti

Shekara arba'in da ɗaya Mama Susana ba ta taɓa shiga coci hannu rabbana ba ranar godiyar kaka. Ko gyaɗa ce ko masara, sai ta kai nunan farin gonarta ta Mugulbu gaban bagade kafin kowa ya ɗanɗana a gida. Bana kuwa gwiwa ta kayar da ita, ɗanta Philemon ya kwaso ta zuwa Mubi, gidan haya mai daɓen siminti. Abin yana cin ta a rai, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

A bayan kicin ta tarar da abin mamaki. Surukarta Dorathy, Maman Miracle, malamar firamare da ba ta ganin abu a waya ta ƙyale, ta jera bokitan fenti shida. Kowanne da murfi mai huda, ta hudar kuma tumatir ya fito ya bi sanda ya miƙe.

"Maman Miracle, ina ƙasan?" in ji Mama.

"Babu ƙasa, Mama. Ruwa ne kawai, da taki da nake narkawa a ciki."

Mama ta ɗaga murfi ta leƙa. Saiwoyi ne farare sol suna lilo cikin ruwa kamar taliyar da aka tsame. Ta shinshina, ta taɓa, ta mayar da murfin a hankali. Daga ranar, da ta gama addu'ar safe sai ta ja kujera ta zauna ta zuba wa ikon Allah ido.

Tumatir ya yi fure, furen kuwa sai ya bushe ya zube, ba ɗa ba alamarsa. Dorathy ta ƙara taki, ta rage taki, ta tambayi waya har ta gaji. Mama ce ta gano matsalar. Don tsoron ƙwari an lulluɓe bokitan da gidan sauro, ga katanga ta tare iska, babu ƙudan zuma, babu abin da zai motsa fure. Sai ta riƙa bin sandunan kowace hantsi tana ɗan ƙwanƙwasa su da sandarta ta dogarawa. Kwana goma, sai ga 'ya'ya kamar gujiya.

A zuci ta fara kiran wurin gonarta. Ta ƙudurta cewa waɗanda suka fara nuna su za ta kai coci, amma kunyar roƙon suruka ta hana ta buɗe baki. Kullum sai ta ce gobe.

Ranar Asabar, jajibirin godiya, ta dawo daga zumuntar mata, ƙamshi ya tare ta tun daga ƙofa. Dorathy ta tsinke jajayen kaf, ta soya su da albasa da attarugu da man gyaɗa, ta zuba busasshen kifi, ga shinkafa tana turiri.

"Mama, na farko naki ne," in ji ta tana murmushi. "Ke kika sha wahalan shi."

Mama ta zauna. Aikin gama ya gama, sai ta kai loma. Maganar gaskiya miyar ta yi daɗi, ba tsami ko kaɗan, daɗin nan kuwa shi ya ƙara mata baƙin ciki har hawaye ya zubo. Da Dorathy ta ji dalili sai ta ɗora hannu a ka. Ita a Yola ta girma, a cocinsu kuɗi ake miƙawa a ambulan.

"Bari na shiga kasuwa na sayo kwando guda, Mama."

"Wanda za a kai wa ya san na kasuwa," in ji Mama.

Ta dogara sanda ta zagaya bayan kicin. Ɗanyu ne suka rage, kore shar, sun yi nauyi a reshe. Ta daɗe tana kallonsu. Can ta kama mariƙin bokiti ɗaya ta ɗan jijjiga, ta ga ya ɗaga daga ƙasa, ba abin da ya riƙe shi.

"Maman Miracle," ta kira, "wannan gonan, yana shiga keke napep?"

Washegari a coci masu buhun masara da damin dawa suka dare gefe. Mama Susana ce a gaba tana taka rawa da ƙafa ɗaya da sanda, Philemon da Dorathy a baya sun kama bokiti, tumatir yana rangaji har ya fi su tsawo. Fasto bai iya daurewa ba, sai da ya sunkuya ya ɗaga murfi ya leƙa.

"Na farin mun ci bisa kuskure, Fasto," in ji Mama. "Shi ya sa na kawo gonan gaba ɗaya."