Musayar da Yaya Siddiƙu Ya Yi

Duk ranar da ka ga Yaya Siddiƙu ya shigo gida da fara'a, waya a hannu, yana cewa "sun hito da sabuwa", to ka tattara abin da kake so ka ɓoye, don wani abu zai lalace kafin la'asar. Na san haka tun da daɗewa. Ranar Talatar nan ma na sani, amma sanin bai hana komai ba.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya muke a unguwar Gawon Nama, kowa da sashensa. Ni hatsi nake sayarwa, karatuna bai wuce firamare ba. Shi yana da shagon buga takardu, kuma tun da ya fara taɓa kwamfuta, ta kamfani ɗaya yake amfani da ita, wadda ake kira Mai Shaho saboda tsuntsun da ke bayan murfinta. Ya manna shahon nan a babur ɗinsa, a ƙofar shago, har a butar alwalarsa. In kamfanin zai nuna sabon kaya a ƙasarsu, Yaya kan rufe shago ya zauna kallo a waya kamar mai duban wata. Kowace kwamfuta in ba tasu ba, faranti yake ce mata.

Farantin da ya fi tsone masa ido shi ne na 'yata ta fari. Ba na kiran sunanta, haka muka tarar iyayenmu suna kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye ta na ba Yaya riƙonta. Shi take ce wa Baba, ni Bappa, kuma ban taɓa tsoma baki a lamarinta a gabansa ba. Tana shekarar ƙarshe a jami'a. Damina da rani ta kwashe tana bin manoman shinkafa na Kwalkwalawa a fadama, tana naɗar muryoyinsu, tana rubutawa. A watan nan za ta miƙa binciken, in ba ta miƙa ba sai baɗi. Duk wahalar tana cikin tsohuwar kwamfutarta.

Ran nan da safe ta kawo jakar kwamfutar sashena.

"Bappa, a sa min caji nan. Can Baba ba shi barina lahiya da ba'a. Don Allah kada a bari kowa shi taɓa."

Na ce to. Ta tafi fadama.

Da hantsi sai ga Yaya.

"Bawa! Ka ji labari? Jiya sunka hito da sabuwa. Siririya kamar ganyen goro!"

"To mi ar ruwana, Yaya? Tana auna dawa?"

"Kai dai tiya ta cinye maka kai. In sabuwa ta hito, ta baya araha takai. Yau Bara'atu za ta rabu da wanga faranti. Ina shike?"

Idonsa ya riga ya sauka a kan jakar. Matata Kulu ta yi gyaran murya daga bayan labule.

Na ce, "Ta ce kada a taɓa."

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗiyar wa ta? Tawa ko taka?"

Wannan tambaya amsa ɗaya gare ta a gidanmu. Na ce, "Taka ce, Yaya. Amma akwai aikinta ciki."

"Kai ba ka san zamani ba. Yanzu aiki can sama shike aje, cikin intanet. Tana buɗe sabuwa za ta iske kayanta. Ni haka nikai kullum."

Ya zare caji, ya rataya jaka, ya fita yana fito.

Kulu ta yaye labule. "Malam, ka bar shi ya tai da ita?"

"Ke mi ya hana ki magana?"

"Ni uwa? In yi magana kan ɗiyar fari gobe a yi da ni wurin biki?"

Na tafi kasuwa, amma kafin la'asar na dawo gida.

Da la'asar yarinyar ta dawo, taɓo har idon sawu. Ta tarar da Yaya a tsakar gida ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora Mai Shaho mai ruwan azurfa a kan matashi kamar kayan lefe.

"Bara'atu, zo ki ga kwamhuta! Yau kin shiga sahun mutane."

Ta durƙusa ta yi godiya, ta buɗe, ta duba. Babu komai a ciki.

"Baba, ina tawa?"

"Na ba da ita, na yi ciko. Shiga intanet ki jawo kayanki."

"Baba, ban aje komi can ba. Data ba ta isata. Ina jakar? Filashina na cikin aljihunta."

Filashin shi ne ɗan abin da take ajiye kwafin aikin a ciki. Yaya ya sosa ƙeya. "Da jaka munka yi ciniki."

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ni ta kalla, ta ce, "Bappa, ai na ce."

Ni da Yaya muka hau babur ɗinsa zuwa Sabon Gari, shagon Attahiru mai tsofaffin kwamfutoci, inda aka yi musayar. Attahiru ya ce tun azahar ya haɗa kwamfutar da wasu ya sayar wa wani ɗan kasuwa mai kai kaya Ƙonni, can tsallaken iyaka, kuma mutumin kan goge duk abin da ke ciki kafin ya sayar. Ya kira shi, waya ba ta shiga. Ya ce in an tsallaka iyaka haka take yi.

Ina tsaye sai na ji muryar Yaya. Ya jingina da kantar shagon, ya miƙa wa Attahiru waya.

"Amma ka ga batirin sabuwar? Sun ce kwana guda cur ba caji."

Ban san lokacin da na daki kantar ba.

"Yaya, wallahi ka ishe ni da wanga tsuntsu! Shekara da shekaru kana yi musu talla, sun san da kai? In ka mutu za su zo gaisuwa? Yarinya ta sha rana, ta sha sauro, ta bi tsofaffi gona-gona, ka ɗauki wahalarta ka ba da kamar tsohon takalmi!"

"Bawa, ni kaka ɗaga wa murya? Kan ɗiyata?"

"Bara'atu ɗiyata ce! Ni na haife ta!"

Tun ranar suna ban taɓa furta sunan nan ba, sai yau, a kasuwa, gaban baƙi. Attahiru ya sunkuyar da kai yana goge kantar da ba ta da datti. Yaya ya mayar da waya aljihu, ya hau babur ya tafi ya bar ni. Kabu-kabu na hau na koma gida.

Washegari bayan sallar asuba Kulu ta ce ta ga fitar Yaya da Mai Shaho a hammata, ya ce wa matarsa ya tafi Illela, bakin iyaka, daga can zai tsallaka Ƙonni neman ɗan kasuwar. Bai yi mini sallama ba, ni ma ban nemi ya yi ba. Yarinyar tana ɗaki tana ƙoƙarin tuno abin da manoma suka faɗa mata, tana rubutawa tana yagewa.

Na kira wayar Yaya, ita ma ba ta shiga. Har yanzu ba mu san ko ya ga mutumin ba, ba mu kuma san ko an riga an goge aikin ba.