Naƙuda a Motar Sokodé

Wallahi da ta ni ce, da tuni an kai yarinyar nan gidansu. Amma ƙanena Rashid, shi komai sai gobe. Matarsa Khairiya cikin fari gare ta, kuma kowa ya san haihuwar fari a gaban uwa ake yinta. Uwarta tana Zangon Sokodé, mu muna Dapaong. Sai da cikin ya sauka, tana tafiya tana dafe ƙugu, sannan ya ce, "Yaya Bara'atu, don Allah ki raka ta."

Muka je tasha da sassafe. Direban, Alidu, ya rantse yanzu za a tashi. Wane yanzu! Motar haya ba ta motsi sai ta cika, mu kuwa muka zauna muna kallon kujerun baya babu kowa har hantsi ya dubi ludayi.

"Alidu, mun makara fa," na ce.

"Haba Hajiya, ba mu yi latti ba, ɗan jinkiri ne."

"Ko latti, ko jinkiri, ko uban me za ka kira shi, mace mai ciki na ɗauko!"

Ya yi dariya ya tafi neman fasinja. Da ƙyar muka tashi.

Khairiya tana zaune jikin taga. A Mango na saya mata ƙosai, ta riƙe a hannu ba ta ci ba. Na ga zufa tana tsattsafo mata a goshi, na ce zafin mota ne. A Kara aka tsaya sallar azahar, garin da yake da manyan asibitoci. Na ce, "Khairiya, lafiya dai ko?" Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Lafiya lau, Yaya."

Bayan Bafilo, a hawan dutse, muka tarar da babbar motar kaya ta gitta ta tare hanya. Motoci sun yi layi, ba gaba ba baya. Na sunkuya zan gyara takalmina, sai na ji ƙafata a cikin damshi. Na duba. Ruwa ne gauraye da jini, yana gangarowa daga ƙarƙashin zanenta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na kama hannunta, sanyi ƙalau, ƙosan nan ya dagargaje a tafinta saboda matsa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin mu fito gida."

"Ke! Me ya hana ki faɗa?"

Muryarta can ƙasa ta ce, "Yaya, ga maza a mota. Kuma ke yayarsa ce."

Kun ji fa. Haka aka tashe mu: mai cikin fari ba ta cewa tana naƙuda a gaban dangin miji, ba ta ko nishi, kada a ce ba ta da kunya. Yarinyar nan ta cije tun daga Dapaong, ta wuce ƙofar asibiti ba ta ce uffan ba.

Na kurma ihu. Alidu, Allah ya saka masa, dariyar ta ɗauke masa, ya ruga ya zagaya motar kayan, ya samo wata akori-kura a ɗaya gefen. Mu mata muka yi wa Khairiya shamaki da zannuwa, aka ɗauke ta aka sa ta a akori-kurar. Na rungume kanta a cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai jinin ya ƙaru. Idanunta suna lumshewa, ina marin kumatunta ina cewa, "Kada ki yi min haka, Khairiya, dube ni!" Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Me zan gaya wa uwarta? Ko addu'ar da nake yi kullum ta ɓace min, sai "Ya Allah" kawai.

Bayan la'asar muka shiga Sokodé, muka zarce asibiti. Aka wuce da ita ciki a guje, aka bar ni a baranda da zane jage-jage. Can ungozoma ta fito tana cire safar hannu.

"Uwar ta tsira," ta ce. "Yaron dai kun makara, bai zo da rai ba. Namiji ne."

Da aka bar ni na shiga, Khairiya ta farka. Ta dubi hannuwana, ta dubi gefen gadon, ta leƙa bayana. Uwa ba ta tambayar ɗan fari a gaban surukai, don haka ba za ta tambaya ba. Sai ta ce, "Yaya, kin samu kin ci abinci?"

Na zauna a bakin gadon na riƙe hannunta. Har yanzu idonta yana kan ƙofa, tana jiran a shigo da shi.