Kiran da Mas'udu Ya Amsa

"Kai ka kashe matar nan, Mas'udu, tun tana numfashi."

Barira ce ta faɗa masa haka a kan matakalar gidan hayarsu da ke unguwar Fereej Abdel Aziz, a ƙasar Larabawa. Ƙofarta na kallon tasu. Ita ta kwashi matarsa Wasilatu zuwa asibiti da safe, bayan ta tarar da ita yashe a kicin, gaban rigarta jiƙe da ruwan miki.

A can likita ta warware wa Barira komai. Bara an tsakuri ɗan nama daga kullutun da ke nonon Wasilatu, aka sa a na'urar da ke haska shi. Yadda hasken ya dawo shi ke nuna ko naman lafiyayye ne ko daji. Hasken ya nuna daji, ƙarami, wanda tiyata za ta iya cirewa. Aka kira lambar da asibiti ke da ita. Ta mijin ce, don shi ne kafil ɗinta, wanda takardun zamanta a ƙasar ke ƙarƙashin sunansa.

"Hajiya, a Kumasi an yanka yayata, ba ta ga azumi ba," in ji Mas'udu. "Ƙarfe na taɓa ciwon nan, khalas, ya bazu. Fitila ce za ta san abin da ke jikin mutum?"

"Fitilar ta fi ka gaskiya. Me ka ce mata?"

"Ƙurji ne."

Ƙurji. Shekara guda yana shafa mata man habbatus sauda, tana yi masa godiya.

Aka dawo da ita gida da maganin rage zafi, don babu sauran abin yi. Ran Alhamis da la'asar Barira na ɗiga mata ruwa da cokali, Mas'udu ya shigo ya durƙusa gaban katifa.

"Wasila, ki yafe mini."

Ba ta dube shi ba. "Yaya Barira, ashe injin ya gani tun ina hawa benen nan da buhun shinkafa a ka?"

"Ya gani."

"Wa ya ɗau wayar?"

Barira ta sunkuyar da kai.

Wasilatu ta yafe wa yaran bene na sama da ke hana ta barci. Ta yafe wa Barira tukunyar da ta ara tun sallah ba ta mayar ba, har da ɗan murmushi. Sannan ta juya fuskarta bango, inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya yi zane. Kafin magariba ta cika.

Ba wanda ya kai Mas'udu kotu. Bai samu yafiyar ba, shi ke nan. 'Yarsu Nasiratu, a Kumasi, ta daina ɗaukar kiransa. Asibiti kuwa ba su goge lambar ba, saƙonsu na ci gaba da shigowa, suna tuna wa Wasilatu ta zo a duba ta. Barira kan wuce shi zaune a matakala, wayar na haske a tafinsa.