Maganin Nazif

Duk Salaga an san Atikatu da abu biyu: ba a cutarta a cinikin doya, kuma ba a taɓa mata ƙaninta Nazif. Tun rasuwar mahaifinsu ita ce uwa ita ce uba a gidan, domin Mma Zalia, mahaifiyarsu, ido ya yi rauni, daga tabarma sai buta.

Lodin doya ne ya kai Nazif ga ƙwayar tramol. Abokan aikinsa a tasha suka ce in ya haɗiya zai cika lori bai ji bayansa ba. Gaskiya suka faɗa, sai dai sun ɓoye masa sauran labarin. Kafin a ankara ya rame kamar sanda, yana gyangyaɗi a tsaye, wata rana har ya faɗi tsakiyar kasuwa yana kumfar baki. Wani direba ne ya kai shi wani ƙaramin asibiti a Yendi, aka ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya da yake sa wa a ƙarƙashin harshe kowace safiya. Ba ta bugar da shi, kwaɗayin tramol ɗin kawai take kwantarwa. Duk wata yakan je ya karɓo. Ya murmure, ya koma sallah cikin jam'i, har ya zama shi ke raka kayan yayarsa Bawku. A can ya ga wata yarinya, Sahada, maganar aure kuma ta yi nisa.

To, mutanen Bawku ba sa ba da 'ya ido rufe. Suka aiko cewa kawunta, Alhaji Aruna, zai zo Salaga sayen doya. Wace doya? Kowa ya san bincike ya zo yi. Gidan su Atikatu kuwa tun zamanin fataucin goro gidan saukar baƙi ne, abin kunya ne su bar ɗan kasuwa ya sauka a wani wuri, balle surukin gobe. Ɗakin baƙi kuma shi ne ɗakin da Nazif yake kwana. Kwano ɗaya za su ci, tare za su fita asuba.

Atikatu ta same shi yana wanke babur.

"Nazif, wannan abin da kake tsotsa da safe, har yaushe?"

"Nas ta ce in lokaci ya yi su za su rage min a hankali, Yaya. Ta ce kada in tsaya da kaina."

"Ita nas ɗin za ta ba ka mata? Dube ka fa, kumatu har sun fito. Ka warke. Ƙwaya dai ƙwaya ce, ko likita ya bayar ko ɗan tasha. Alhaji Aruna ya gan ka da ita, wallahi an gama."

"Sai in ɓoye."

"A ɗaki ɗaya? Mutumin da aka aiko don ya duba har ƙarƙashin gadonka?"

Ya ci gaba da murza tsumma. Nazif bai taɓa iya musu da ita ba, ita ma ta san haka, shi ne abin da ya fi cin ta daga baya. Ta miƙa hannu, ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙwayoyin, ya sa mata a tafi. Ba ta tsaya wata-wata ba ta nufi bayan gida ta zuba su a masai. Ta fito tana karkaɗe hannu kamar wadda ta gama shara.

Baƙo ya sauka, ciwo ma ya sauka. Da farko hamma ce ba ƙaƙƙautawa, sai majina, sai hawaye ba kuka ba. Daga nan zufa ta riƙa jiƙa masa riga alhali yana rawar sanyi. Ƙafafunsa suka ƙi zama wuri ɗaya, yana cewa kamar ana sara masa ƙashi. Ciki ya ɓaci, buta ba ta huta ba. In an kawo tuwo sai ya kai loma baki ya dawo da ita.

"Zazzaɓin sauro ne, Alhaji," in ji Atikatu. "Duk damina sai ya kayar da shi."

Alhaji Aruna mutumin kirki ne, abin haushi. Shi ya riƙa yi wa yaron fifita, ya tofa masa addu'a a ruwa, ya ce bai taɓa ganin mai haƙuri da ciwo irinsa ba. Da dattijon ya fita masallaci, Nazif ya rarrafo ƙofar kicin ya kama bakin zanen yayarsa.

"Yaya, ki bar ni in je Yendi. Ko rabi su ba ni."

Tausayi ya kama ta, ba ƙarya, har ta kau da kai. Amma ta ce, "Ka daure. Ka ci rabin wuyar, ka koma baya?"

Ya daure ɗin. Bayan kwanaki zufa ta tsaya, ya fara shan koko, ya fita tsakar gida yana takawa a hankali. Atikatu ta cika da alfahari. Har ta raɗa wa Mma Zalia cewa Nazif ya rabu da kowace irin ƙwaya, tsohuwa ta ɗaga hannu sama tana kuka. Abin da Atikatu ta ƙi kallo shi ne yadda yake zama shiru yana zuba wa bango ido, da yadda dariyarsa ta tafi ba ta dawo ba.

Alhaji Aruna ya gamsu. Ya ce su shirya su bi shi Bawku a kai goron gaisuwa. Suka ɗauki mota, suka wuce Bimbilla, rana tsaka suka shiga Yendi direba ya tsaya shan mai. Asibitin yana nan tsallaken titi, ana hango ƙofarsa. Nazif ya matso kunnenta.

"Bari in leƙa in gaida nas ɗin. Ba zan daɗe ba. Yaya, abin nan yana kira na, ban gaya miki ba ne."

Ta dubi ƙeyar Alhaji Aruna a kujerar gaba.

"In ya tambaya me ka je yi, in ce me? Bari mu dawo. A dawowa ni da kaina zan raka ka."

Har ga Allah ta yi niyyar hakan. Mota ta tashi, Nazif ya bi ƙofar asibitin da kallo har kwana ta ɓoye ta.

A Bawku an karɓe su hannu bibbiyu. Washegari da hantsi aka raba goro, aka yi addu'a, mata suka ja Atikatu cikin gida suna tsokanarta wai ta zo ƙwace musu 'ya. Nazif ya ce zai je tasha ya ga ko doyarsu ta iso. Tasha kuwa cike take da tsofaffin abokan lodi, kuma ba wanda ya san wahalar da ya sha a makon da ya wuce. Suka taya shi murna irin tasu, suka miƙa masa tramol. Ya karɓa, ya haɗiyi daidai yadda ya saba haɗiya a da.

La'asar ta wuce aka zo kiran Atikatu. An same shi jingine da buhu a bayan wata lori, an ɗauka barci yake, sai da wani ya ga leɓensa ya canza launi. Ta isa asibiti takalmi ɗaya a ƙafa. An riga an rufe masa fuska.

Likitar mace ce, ga alama ta gaji da ganin irin wannan. Ta ja Atikatu gefe.

"Abokansa sun ce da yana karɓar magani a Yendi. Hajiya, wanda ya daina, jikinsa mantawa yake yi. Abin da yake sha a da ya tashi ya yi aiki, yanzu shi zai tsayar masa da numfashi. Shi ya sa ba ma yarda a yanke maganin lokaci ɗaya. Kin san dalilin da ya sa ya bari?"

Atikatu ta waiwaya. Alhaji Aruna yana tsaye a bayanta, carbi a hannu.

"Ban sani ba," ta ce.

A Bawku aka binne shi, surukan da ba su zama surukai ba su suka yi masa sutura. A hanyar komawa, da mota ta shiga Yendi, Atikatu ta ja mayafi ta rufe fuska har suka fita gari.

Zaman makoki a Salaga ya cika, 'yan kasuwar doya kaf sun zo. Kowa da abin da yake faɗa, kuma duk bakinsu ɗaya. Yaron nan bai ji magana ba. An raba shi da abu, ya koma da ƙafarsa. Ke dai Atikatu kin yi iya ƙoƙarinki, ba kowace 'yar'uwa za ta yi abin da kika yi ba. Kowace kalma sai ta ji ta kamar an ɗiga mata ruwan zafi. Da zagi suka yi da ya fi mata sauƙi. Ta san hannun da ya karɓi maganin, ta san bakin da ya ce a bari sai an dawo, amma ga shi mamaci ake ɗora wa laifi, ita ana sa mata albarka.

Da mutane suka ragu, ta shiga ɗakin Mma Zalia da niyyar faɗin komai. Ta durƙusa gefen tabarma.

"Mma, akwai maganar da nake so ki ji game da Nazif."

Tsohuwa ta laluba ta kamo kanta ta ɗora a cinya, tana shafawa.

"Na sani, 'yata, ba sai kin faɗa ba. Kina jin kamar kin gaza. Ba ki gaza ba. Abin da ke sanyaya min rai ke nan, ko ba komai kin tsarkake min shi kafin ya tafi. Ba don ke ba, da ban san inda zan sa kaina ba. Yanzu ke kaɗai gare ni. Allah ya saka miki da irin abin da kika yi masa."

Tsohuwa ta dakata da shafawar, tana jiran amsar addu'arta.

"Ba ki ce amin ba."

"Amin, Mma," in ji Atikatu.